Hoton da Magariba Ke Cinyewa

Da zarar kaka ta yi a ƙasar Makarfi, an kai masara da dawa gida, rake ya fara cika kasuwa, sai filayen wasa su farfaɗo. A Nasarawan Doya da takwarorinta na Ikara da Kudan, gasar ƙwallo tsakanin unguwanni ba ta farawa sai an idar da sallar la'asar, haka ma dambe idan an kira shi. Lissafin a fili yake: wasan da aka busa da ƙarfe huɗu da rabi, in an haɗa da hutun rabin lokaci, ba zai ƙare ba sai bayan ƙarfe shida. A watan Disamba kuwa, a wannan yanki, rana kan faɗi ne da shida da 'yan mintuna. Saboda haka ƙwallon da ta raba gardama, da bugun fenareti, da naushin da ya kai ƙato ƙasa a turmin ƙarshe, duk sukan zo ne a daidai lokacin da haske ke naɗe tabarmarsa.

Washegari hotuna su watsu a WhatsApp da Facebook. Na kafin wasa, inda 'yan wasa suka jeru da sababbin riguna, tas suke. Na lokacin da abin ya faru kuwa, sai inuwoyi dishi-dishi, hannu ya zama hayaƙi, fuska ta zama tabo. Daga nan sai a yanke hukunci: kyamarar ce ba ta da ƙarfi, a nemi mai babban sensa. Wannan hukunci yana da ƙamshin gaskiya, amma ya fara da abin da ya kamata ya zo a ƙarshe. Ga mai ɗaukar hoton wasa a gari irin Nasarawan Doya, jerin muhimmanci shi ne haske, sannan lens, sannan otofokas, kana girman sensa. Wanda ya juya jerin zai kashe kuɗi masu yawa ya koma gida da inuwa.

Saurin wasa da ƙarancin haske

Kyamara tana da ƙofa da ke buɗewa ta rufe cikin ƙiftawar ido, kuma hasken da ya shiga a wannan ɗan tsakani shi ne hoton. Duk abin da ya motsa ƙofar na buɗe, sai ya bar jan layi. A ɗauka ƙwallo tana tafiyar mita 25 a daƙiƙa guda, wato kilomita 90 a awa. In ƙofar ta tsaya buɗe na kashi 1 cikin 60 na daƙiƙa, ƙwallon ta ci santimita 42, kusan ninki biyu na faɗinta. In an rage lokacin zuwa kashi 1 cikin 1,000, santimita biyu da rabi kawai za ta gusa, sai ta fito kamar an dasa ta a iska. Dalili ke nan masu ɗaukar hoton wasanni ba sa son sauka ƙasa da 1/500, kuma sun fi natsuwa da 1/1000.

Sai dai kowane sauri yana da farashi. Daga 1/60 zuwa 1/1000, hasken da ke shiga ya ragu kusan sau 16. Da tsakar rana ba a jin wannan asara, domin hasken rana yakan kai luks 100,000 a ma'aunin haske. Lokacin faɗuwarta yakan koma 'yan ɗaruruwa, bayan minti ashirin da 'yan kai kuma ya rage kamar luks 3. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya rana tana nutsewa ne a tsaye, ba ta jan ƙafa kamar yadda take yi a Ingila lokacin bazararsu. Ido yana yaudarar ɗan kallo, domin yana sabawa da duhun a hankali, har ya rantse akwai sauran haske. Kyamara ba ta sabo, ƙirga kawai take yi.

Abin da girman sensa ke bayarwa

Sensa shi ne ɗan farantin da ke bayan lens, wanda ke mai da haske ya zama lantarki. Asalinsa ya koma 1969, lokacin da Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro na'urar CCD a ɗakunan binciken Bell a Amurka, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2009. Haske ba ya zuba kamar ruwan famfo, yana sauka ne ɗigo-ɗigo kamar yayyafi, kuma ba daidai wa daida ba. Wanda ya tara da daro da wanda ya tara da moɗa a yayyafi ɗaya ba za su tashi da ruwa ɗaya ba. Idan ɗigon ya yi ƙaranci, rashin daidaiton saukarsa ne ke bayyana a hoto kamar an watsa yashi. Ƙa'idar ita ce, sai an ninka haske sau huɗu kafin tsabtar hoto ta ninka sau biyu. Ƙara lambar ISO ba ya ƙara ɗigo ko ɗaya. Yana ƙara ƙarfin abin da aka tara ne, kamar mai ƙure muryar rediyon da tasharsa ba ta kamu sosai ba: magana ta ƙaru, shuuu ma ta ƙaru.

Ga girman farantan. Wanda ake kira ful-firem yana da milimita 36 a 24, wato murabba'in milimita 864. Na APS-C, wanda ke cikin yawancin kyamarorin masu hoton biki, yana tsakanin 330 da 370. Sensan da aka saba sa wa wayoyi masu matsakaicin kuɗi bai fi 25 zuwa 40 ba. Ke nan ful-firem ya fi APS-C tara haske sau biyu da 'yan kai, ya kuma fi na waya sau ashirin ko fiye.

Wannan ya isa ya bayyana halin wayar hannu. Tecno da Infinix da Samsung suna tallar megafiksel 50 ko 108, amma yawan gidajen da aka yanka a fili ba ya ƙara wa filin faɗi. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Tsarin hoton dare da Google ya fito da shi a 2018, Apple ya bi a 2019, dabara ce ta ɗaukar hotuna da yawa a jere a narka su su zama ɗaya. Tana aiki ga masallaci ko bishiyar kuka, waɗanda ba sa gusawa. Ɗan dambe ba ya jiran a gama narkawa.

Masu kare babban sensa suna da hujja, kuma ya kamata a ba su ita. Da Nikon D3 ta fito a 2007 da ful-firem mai megafiksel 12 da ISO da ke iya kaiwa 25,600, ta sauya abin da ake ganin zai yiwu a filin wasa da dare. Ninki biyu na haske ba abin rainawa ba ne ga wanda aikinsa ke zuwa jarida. Tambayar ita ce ko akwai wurin da za a sami fiye da wannan riba da kuɗin da bai kai haka ba. Akwai.

Lens ne ƙofar gida

Faɗin ƙofar lens ana rubuta shi da harafin f da lamba, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Lens ɗin da ake haɗawa da kyamara a kwali, mai milimita 18 zuwa 55, yana tsukewa zuwa f/5.6 da zarar an jawo abu kusa. Haka ma mai 70 zuwa 300 da ake yawan saye don ƙwallo. Lens mai f/2.8 yana shigar da ninki huɗu na hasken f/5.6. Mai milimita 50 da f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a wajen Canon da Nikon, yana shigar da kusan ninki goma.

A gwada da fili mai luks 200, a ƙiftawar 1/500. Mai f/5.6 zai buƙaci ISO sama da 20,000, inda hoto ke komawa yashi. Mai f/2.8 zai tsaya wajen 5,000. Mai f/1.8 kuwa bai kai 2,500 ba, matakin da tsohuwar kyamarar APS-C ma take ɗauka ba tare da kunya ba. Sauya sensa ya ba da ninki biyu, sauya lens ya ba da ninki huɗu zuwa goma. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, kowane kayan hoto da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi, don haka wannan bambanci ba na masu gardamar intanet ba ne. Shi ne tsakanin matashin da zai iya fara sana'a bana da wanda zai yi ta tari har ya haƙura.

Ƙaramin sensa ma yana da tasa kyautar. Da yake yana ɗaukar tsakiyar hoton ne kawai, lens mai milimita 200 a kan APS-C yana cika firem kamar mai 300 a kan ful-firem. Ga wanda ke tsaye a bakin layi yana hangen raga ta can gefe, wannan riba ce da ba a biya ba.

Otofokas: inda ake cin wasan ko a faɗi

Buɗe ƙofar lens yana zuwa da nasa sharaɗi: yankin da ke fitowa tas yana ƙanƙancewa. Da lens mai milimita 200 a f/2.8 a kan ful-firem, in ɗan wasa yana nisan mita 10, kaurin wannan yanki bai wuce santimita 40 ba. Mai gudun mita 7 a daƙiƙa zai ratsa shi cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Abin lura a nan shi ne, a tsari iri ɗaya, babban sensa ya fi ƙaramin tsuke wannan yanki. Wanda ya sayi ful-firem ya ƙara wa otofokas ɗinsa nauyi ne, bai rage masa ba.

Otofokas, wato kyamara ta saita kanta a kan abin da ake nufi, iri biyu ne. Na farko yana lalube ne: ya tura gilashi gaba, ya dawo da shi baya, har ya sami inda baki da fari suka fi rabuwa. A duhu sai ya yi ta kai da komo kamar mai neman allura a rairayi. Na biyu yana kallon abu ta gefe biyu na lens, kamar yadda idanu biyu ke auna nisa, nan take ya san ta ina zai juya da kuma iya nawa. Shi ne wanda Minolta 7000 ta yaɗa a 1985, Canon kuma ta dasa shi cikin kowane fiksel na sensa a kyamarar 70D a 2013. Sababbin kyamarori marasa madubi, irin su Sony a9 ta 2017 mai ɗaukar hoto 20 a daƙiƙa, sun ƙara da gane fuska da ido suna bin su.

Duk ire-irensa abinci ɗaya suke ci: haske da bambancin launi. Filin dambe da magariba kuwa ya haɗa duk abin da ke hana su. Jiki baƙi ne, babu riga, bayansa taron jama'a ne cikin inuwa, ƙafafu sun ta da ƙura, hazon hunturu ya shafe iyakar kowane abu. Sau da yawa kyamara takan bar ɗan damben ta kama farar rigar wani ɗan kallo a baya, domin ita ce ta fi fitowa. A nan ma lens mai faɗin ƙofa yana biya sau biyu, domin ta cikinsa otofokas ke gani.

Misali ɗaya daga kamfani ɗaya ya isa. Canon 6D ta 2012 ful-firem ce, hotonta a duhu yana da tsabta, amma wuraren saitinta 11 ne, tana ɗaukar hoto huɗu da rabi a daƙiƙa. Canon 7D Mark II ta 2014 APS-C ce, tana da wuraren saiti 65, tana ɗaukar 10 a daƙiƙa. A ɗaurin aure cikin zaure mai duhu, ta farko ce gwana. A filin da mutum biyu ke zagaya juna, ta biyu za ta fi dawowa da abin nunawa. Hoto mai yashi wanda ya kama naushi a kan muƙamuƙi ana iya wanke shi a kwamfuta, a buga shi, a rataye. Hoto mai santsi wanda saitinsa ya faɗa kan 'yan kallo ba shi da magani.

Sauran aikin na hannu ne. A sa kyamara a tsarin bin motsi, wanda Nikon ke kira AF-C, Canon ke kira AI Servo. A zaɓi wurin saiti na tsakiya ko ƙaramin rukuni, kada a bar mata filin duka ta zaɓa. A ɗora shi inda launi ya rabu: bakin wando, layun damtse, zaren da aka naɗe hannu da shi, lambar riga. A juya wa yamma baya, domin sauran hasken ya faɗa kan fuskokin 'yan wasa. Filasha kuwa a bar ta a jaka: tana haska ƙurar da ke gaban lens, tana kuma kashe idon wanda ake shirin kai wa naushi.

Darasi daga 1965

Hoton dambe da ya fi kowane shahara a duniya an ɗauke shi ne shekara 20 kafin Minolta 7000. Ranar 25 ga Mayu, 1965, a garin Lewiston na jihar Maine a Amurka, Muhammad Ali ya tsaya a kan Sonny Liston da ke kwance, ya lanƙwasa hannu yana yi masa tsawa. Neil Leifer, matashi mai shekara 22 da ke aiki wa mujallar Sports Illustrated, shi ya kama wannan daƙiƙa da kyamarar Rolleiflex mai fim, wadda ake saitawa da hannu. Abin da yake da shi shi ne fitilu masu ƙarfi da aka rataya a saman dandalin tun kafin a fara, da kuma kujerar da ta dace. Abokin aikinsa Herb Scharfman, wanda ya zauna a ɗaya gefen, ya fito ne a cikin hoton, ana hango shi ta tsakanin ƙafafun Ali. An gama rabin aikin wannan hoto tun ba a buga ƙararrawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dambe na son fitila, ƙwallo na son agogo

Wannan ya mai da magana daga kan mai kyamara zuwa kan masu shirya wasa, kuma a nan ne gyaran ya fi araha. Da'irar dambe ƙarama ce. Fili mai mita 10 a 10, in ana so ya sami luks 500, yana buƙatar lumen 50,000 a ƙasa. A ninka saboda wanda zai zube a gefe, ya zama 100,000. Fitilar LED ta ƙwarai tana ba da kamar lumen 100 a kowane wat, ke nan wat 1,000 ya wadatar: fitilu goma masu wat 100 na gaskiya, ba na rubutun kwali ba, da janareta matsakaici. A wannan haske, lens mai f/1.8 zai daskarar da naushi a 1/1000 da ISO 1,600. A ɗaga fitilun sama a kusurwa huɗu don kada su shiga idon 'yan wasa, kuma kada a nisanta su, domin duk fitilar da aka ninka nisanta, kashi ɗaya cikin huɗu na haskenta ke isowa.

Akwai tarko ɗaya. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka fitilu masu araha da ke kanta suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, amma a 1/1000 hoto ɗaya zai fito da haske, na bayansa da duhu ko da zane-zane. Wasu kyamarori, ciki har da 7D Mark II, suna da tsarin da ke jiran ƙololuwar hasken kafin su ɗauka. Mafi sauƙi shi ne a gwada fitila kafin a biya: a ɗauke ta da bidiyon waya mai tafiyar hawainiya, in tana rawa za a gani.

Filin ƙwallo wani labari ne. Cikakken fili mai mita 105 a 68 ya haura murabba'in mita 7,000, ninki saba'in na da'irar dambe. Haska shi aikin filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna ne ko na Sani Abacha da ke Kano, ba na kwamitin matasan unguwa ba. Maganinsa agogo ne. Wasan ƙarshe da aka busa da ƙarfe huɗu, ba a jira babban baƙo har biyar saura ba, zai ƙare rana na sama, kuma minti talatin ɗin nan sun fi kowace kyamara da ake sayarwa a Kano ko Legas ƙara wa hoto haske. Masu ɗaukar nauyin gasa, 'yan siyasa da 'yan kasuwa da ke sayen kofi da riguna, su ne suka fi kowa iko a kan wannan, domin galibi su ake jira.

Abin da ake asara

Wani zai ce wannan duk wahala ce a kan hoton wasa. Amma a yau ɗan wasan ƙauye ba shi da wata takardar shaida da ta wuce abin da aka ɗauka. Mai neman 'yan wasa daga Kaduna ko Kano ba zai zo Nasarawan Doya ko Hunkuyi don jita-jita ba, sai an tura masa abin da zai gani. Dambe ya sami 'yan kallo a ƙasashen da ba a jin Hausa ne ta hanyar bidiyon YouTube, kuma waɗanda aka ɗauka da kyau su duniya ta sani. Gwanin da ya yi kisa a duhu, a garinsu kaɗai ya yi shi.

Akwai kuma abin da ya fi kasuwa. Yawancin masu jin sunan Shago a yau ta bakin Ɗan Anace suka san shi. Makaɗi ya riƙe wa Hausawa jarumansu a zamanin da kyamara ba ta isa fage ba, ya kuma riƙe su da kyau. Amma Bahaushe da kansa ya ce gani ya kori ji. Wannan zamani yana da kyamara a kowane aljihu, don haka ba shi da uzurin da na baya suke da shi. In jikokin 'yan wasan yau suka nemi ganin kakanninsu a fage suka tarar da inuwa, ba za a ɗora laifin a kan ƙanƙantar sensa ba. Fitilu goma ne ba a rataya ba, wasa ne kuma aka fara a makare.